Ba Tsufa Ne Ya Kashe Injin Malam Bukar Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Bukar mai gyaran rediyo makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a, in leƙa gidansa in gai da iyalinsa, in koma harkokina. Ban taɓa zaton zan rubuta wa jarida wani abu a kansa ba, don shi kansa ba mai son a yi ta ambatonsa ba ne. Bana dole ce ta sa. An tashi a cikin masallacin unguwarmu a Yakasai, a gaban jama'a, an faɗi magana a kan aikinsa, maganar kuwa ƙarya ce, shi ko yana ƙarƙashin ƙasa balle ya kare kansa.

Ni ne ladanin masallacin. Da can malamin firamare ne ni, ina koyarwa ina ladanci, har na yi ritaya ladancin ya rage mini. Muryata ba wata murya ba ce, siririya ce, in na yi magana a zaure na tsakar gida ba ya ji. Abin da ya sa aka yi shekaru ana jin ta har bakin titi shi ne amfilifayar da Malam Bukar ya haɗa da hannunsa, wato akwatin nan da ke karɓar magana daga makirufo ya ƙara mata ƙarfi ya aika wa lasifikokin da ke kan soro. A unguwa ba wanda ke wahalar da bakinsa da wannan dogon suna. Injin Malam Bukar kawai ake cewa.

Kakanninsa daga Barno suka zo, gidan malaman Alƙur'ani ne, kuma shi ma sai da ya sauke kafin ya kama dalma da waya. Ni kuwa ta wajen uwa Bafillace ne, don haka tun muna makarantar allo wasan Fulani da Barebari ya haɗa mu, kuma har ya bar duniya bai daina kirana bawansa ba, ni ma ban taɓa ƙyale shi ba. Shagonsa yana Jakara, kusa da Kurmi, wani ɗan ɗaki ne da ba ya ɗaukar mutum uku sai an yi haƙuri da juna. Nan nake yada zango in an tashi daga makaranta. A kan bencinsa na ga an haɗa injin nan tun daga kan akwatin ƙarfensa har ranar da ya fara magana, shi ya sa ba labari aka ba ni ba.

Ƙarfin injin yana wurin wasu manyan taransisto ne guda huɗu, kowanne kamar murfin kwalbar lemo, an ɗaure su da kusoshi a jikin wani faifan alminiyom mai haƙarƙari wanda ke kwashe musu zafi. Ɗaya ba zai iya ɗaukar wutar da ake bukata ba, shi ya sa ake jera su su raba aikin. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya sa yake ɓata kwanaki a kansu alhali sauran kayan cikin yini guda yake liƙe su. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Kai bawana, ka taɓa ɗaukar makara da wanda ya fi ka tsawo? A kafaɗar wa nauyin yake zama?" Na ce a kafaɗar dogon. Ya ce to haka suke. In ɗaya ya ɗan fi 'yan'uwansa saurin jan wuta, shi zai fi su zafi, shi kuma taransisto mugun halinsa ke nan, in ya yi zafi sai ya ƙara ja, in ya ƙara ja sai ya ƙara zafi. Haka zai yi ta yi har ya ƙone, in ya ƙone kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja sauran.

Saboda haka ba ya sayen taransisto yadda mutane ke saye. Da mitarsa a aljihu yake tafiya Sabon Gari, ya zauna a gaban mai kaya ya sa a juye masa kwali guda, ya yi ta aunawa ɗaya bayan ɗaya har ya tsince waɗanda halinsu ya zo daidai. Masu kayan sun tsane shi ƙwarai. Akwai wanda in ya hango shi sai ya ce kayan sun ƙare. Bayan wannan wahalar ma bai yarda da su ba, sai ya liƙa wa kowanne wani farin resisto a ƙafa, mai kusurwa huɗu kamar ƙwayar sukarin kwali. Aikinsa shi ne in wanda yake ƙafarsa ya fara zarin wuta, sai ya ɗan tokare shi, rabon ya koma daidai. Yakan ce gaskiya ne suna rage wa injin ɗan ƙarfi kaɗan, amma da su ake kwana lafiya.

Akwai kuma wani ɗan mitsitsin taransisto da ya manna a jikin faifan alminiyom ɗin, tsakiyar manyan. Mai gadi yake ce masa. Ko ba a magana a makirufo, dole a bar wa manyan wata 'yar wuta tana gudana a cikinsu, in ba haka ba murya sai ta fito a shaƙe tana karce kunne. To wannan 'yar wutar ce in faifan ya yi zafi take neman ta haura. Mai gadin yana jin zafin tare da su, da ya ji sai ya rage ta. In ka raba shi da faifan ka kashe shi ke nan, ko da wayoyinsa suna nan a haɗe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ya kawo injin. Dattawan wancan lokacin sun ƙagu, sun so a kunna tun da hantsi. Ya ƙi. Ya ce abin da aka daidaita a sanyin safiya zai ci amanar mutum da rana. Bazara ce. Sai da rana ta take, bayan an idar da Azahar, ya ajiye shi a cikin alkukin da zai zauna a ɗan ɗakin ajiyar masallacin, inda ko iska ba ta shiga, ya kunna, ya zauna a ƙasa da tafin hannunsa a kan faifan. Ya murɗa wata 'yar kusa kaɗan ya duba mita, ya jira, ya sake murɗawa, gumi na zuba daga gemunsa. Ni kuma ya sa ni ina ta karanta masa abin da ya zo bakina a makirufo har na gaji na fara yi masa tsiya. Sai dab da La'asar ya ɗiga wa kusar jan fenti don kada wani ya taɓa, ya miƙe. Ya ce mini bayan kowane kira in ɗora bayan hannuna a faifan. In ɗumin shayin da ya huce na ji, lafiya. In na kasa barin hannun a kai, in kashe in aika a kira shi. Har ya rasu ban taɓa aikawa don wannan ba.

Ranar jana'izarsa ina cikin waɗanda suka kama makara, kuma wanda ke gefena ya fi ni tsawo. Na tuna tambayarsa, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Bayan rasuwarsa injinan da ya haɗa wa masallatai da makarantu suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ba don sun lalace ba, sai don an ga na kanti masu walƙiya. Namu ne na ƙarshe da na sani yana aiki. Gidansa kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da masallacin. Matarsa Hajiya Falmata, wadda yanzu ta manyanta ƙwarai, idonta ma ya yi rauni, takan ce mini in na je gaisuwa, "Malam Ladan, duk kiran da ka yi, hannun Malam nake ji a ciki." Ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba ta fara ba bayan ya mutu. Ni na san ba muryata take yabo ba, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Haka muke har aka gina wani sabon masallaci lungu biyu daga namu, aka jera masa lasifikoki ta kowace kusurwa. In sun tayar da kira tagogi har rawa suke. Ni ban ga abin damuwa ba, duk wanda namu ya saba tashinsa yana nan yana tashinsa. Amma Alhaji Sabo, shugaban kwamitin masallacinmu, ɗan kasuwar atamfa, abin ya tsaya masa a wuya. Kullum maganarsa ita ce an danne mu. Ban san yaushe kiran salla ya zama kokawa ba, amma a cikin birnin nan yanzu haka abin yake, kuma kowa ya sani, kunya ce kawai ta hana a faɗa.

Gab da azumin da ya wuce ya kirawo Habu. Habu a hannun Malam Bukar ya koyi aiki, a kan wannan bencin da na faɗa, yanzu yana da shagonsa, gemunsa ma ya fara furfura. Da na gan shi hankalina ya ɗan kwanta, na ce ai ɗan gida ne. Na ce wa Alhaji Sabo in ƙara yake so a sayo wani injin daban, a bar wannan yadda mai shi ya bar shi. Ya ce, "Malam Ladan, kai naka kira ne, ka bar wa masu aiki aikinsu." Aka yi dariya, aka wuce ni.

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin ajiyar aka yi komai. An ƙara lasifikoki a kan soro fiye da abin da injin zai iya ja. Don ya ja su, Habu ya zaro wasu taransisto biyu daga jakarsa, kamfaninsu ma daban, bai ko ciro mita ba, ya ce zai ƙara a kan huɗun. Wuri ya yi kaɗan a jikin faifan, sai ya kwance mai gadi ya bar shi yana reto a iska. Ya sa almakashin waya ya datse fararen resisto ɗin nan huɗu, ya haɗe gurabensu da waya, wai suna cinye ƙarfi. Ya kankare jan fentin ya murɗa kusar. Da aka kunna sai fis, wato 'yar wayar da ke yankewa in wuta ta yi yawa, ya tsinke, wanda ko ni da ban iya komai ba na san gargaɗi ne, sai ya naɗe shi da waya mai kauri. Duk wannan da sanyin safiya aka yi shi, kafin rana ta yi zafi ya haɗa kayansa.

Na tare shi a ƙofa na ce, "Habu, haka maigidanka ya koya maka?"

Bai dubi fuskata ba. Ya ce, "Baba Ladan, ƙara aka ce ana so. In ban yi ba wani za a kira."

Da a ce jahili ne da ban riƙe shi a zuciya ba. Amma Habu ya sani. Da hannunsa ya sha riƙe wa Malam Bukar mita a Sabon Gari. Da ya fita na sunkuya na tsince fararen nan huɗu daga cikin ƙura na zuba a aljihu, ban ma san abin da zan yi da su ba, kawai dai na kasa barin a share su da shara.

Ƙara kam an samu, ba zan yi ƙarya ba. Alhaji Sabo har tsayawa yake a bakin lungu yana saurare yana gyaɗa kai. Kiran salla gajere ne, kafin faifan ya gama ɗaukar zafi an kashe, shi ya sa aka ɗan kwana biyu ana murna. Duk da haka ɗumin da nake ji a bayan hannuna ya canja, kuma na faɗa, aka ce tsufa ne ke sa ni mita.

Sai azumi ya kama, a tsakiyar zafi, aka fara tafsiri bayan La'asar. Shi kuwa tafsiri ba a kashe inji. Ran nan malamin tafsirin yana cikin fassara na zagaya ɗakin ajiyar na kai hannu, na janye da sauri kamar na taɓa murfin tukunya. Na ratsa sahu na je kunnen Alhaji Sabo na ce a kashe yanzu. Ya galla mini harara ya ce a tsakiyar aya? Ban koma wurin zamana ba muryar malam ta fara shaƙewa a sama, lasifikokin suka yi wani gurnani, sai shiru. Wari ya biyo baya, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin ajiyar, tabarmar da ke kusa ta fara ci aka kashe ta da ruwan buta. Da aka buɗe akwatin, ɗaya daga cikin baƙin da Habu ya ƙara ne ya fara tafiya, ya yi baƙi ƙirin ya tsage, sauran suka bi shi. Daidai yadda Malam Bukar ya faɗa mini a shagonsa, ba ƙari ba ragi.

Inji ya ƙone, wannan ƙaddara ce, da an tsaya nan da na haɗiye. Amma Alhaji Sabo ya miƙe a gaban jama'ar da suka taru ya ce a yi haƙuri, dama tsohon inji ne, haɗe-haɗen gida ne irin na da, an daɗe ana lallaɓa shi, Allah ne ya tsare da aikin Bukar ya ƙona ɗakin Allah da mutane a ciki. Haka ya ce, Bukar, ko Malam ɗin babu. Habu yana sahu na biyu, kansa a ƙasa. Na miƙe zan yi magana, liman ya kama hannun rigata ya ce azumi ake, a bar fitina. Na sake nema ranar Juma'a, aka ce abin ya wuce. Akwatin kuwa washegarin ƙonewarsa aka ba 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Faifan da Malam Bukar ya yi gumi a kansa, yanzu ina jin an narka shi ya zama tukunya a gidan wani.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ba na jin sababbin injinan ne za su ɓata masa rai, mutum ne mai son sabon abu, da ya saya ɗaya ya farke shi don ya ga cikinsa. Wanda aka sayo mana fitilu gare shi ja da kore suna ta rawa, yana da wata fanka mai kuka, kuma an saita shi in na faɗi kalma ɗaya sai ta dawo mini sau uku. Ba a gyara shi, in ya ƙone jefarwa ake, kuma tuni an jefar da na farko. Wannan zai ba shi dariya ne kawai. Abin da zai ƙona masa rai shi ne yadda muka mayar da ƙara ita ce inganci, har muna datse duk abin da ke tsare mu don a ji mu fiye da maƙwabci, ga marasa lafiya da jarirai a gidajen da ke ƙarƙashin lasifikokin, ba mai tuna su. Sai kuma Habu. Ina jin wannan zai dai daɗe yana kallonsa.

Magana ba ta kwana a unguwarmu. Kafin a sha ruwa ta shiga gidan Malam Bukar ta bakin mata, kuma kafin ta isa ta ƙara kumbura, wai injin mijin Hajiya Falmata ya tayar da gobara a masallaci. Bayan ƙaramar salla na je gaisuwa, Hajiya Falmata ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ita tana daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam Ladan, an ce aikin Malam ne ya kusa ƙona ɗakin Allah. Jikokinsa ma an faɗa musu a makaranta."

Na zaro fararen nan huɗu na zuba mata a tafin hannu. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ta kai su kusa da hanci.

Ta ce, "Waɗannan ne suka ƙone? Ban ji ƙauri ba."

Na ce, "Hajiya, waɗannan su ne aka cire. Da suna ciki da bai ƙone ba." Na kwashe komai na gaya mata.

Sai ta ce, "To me ya hana a faɗa wa mutane?"

Na ce na nema an hana ni.

Ta ce, "Kai da kake da lasifika a baki sau biyar a rana, kai ne aka hana magana?"

Makirufon masallaci ba nawa ba ne, ba zan faɗi abin da ba kira ba a cikinsa. Amma maganarta ta hana ni sukuni, shi ya sa na zo nan, inda liman ba zai kama mini hannun riga ba. Don haka ga shi na faɗa, kuma duk wanda yake wurin ran nan ya san wa nake nufi. Injin Malam Bukar ya yi shekaru yana aiki yana raye, ya ƙara goma bayan ransa, a cikin alkukin da ba iska, bai taɓa wuce ɗumin shayi ba. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, ba kuma haɗin gida ba. Datse shi aka yi don a fi maƙwabta ƙara. Wanda ya sa a yi ya sani, wanda ya yi ya fi shi sani, kuma dukkansu sun san inda nake zama bayan La'asar.

In aka ce me ya rage na Malam Bukar, ba shi da yawa. Shagon Jakara yanzu cajin waya ake a ciki. Injinansa duk sun tafi. Sai fararen nan huɗu, waɗanda na kai wa wani mai gyara ya auna mini, ya ce lafiyarsu ƙalau, kuma duka huɗun daidai suke da juna. Suna wurin Hajiya Falmata, ta ƙulle su a gefen mayafi ta sa a adaka. Sai kuma sunansa, wanda shi ne kaɗai abin da jikokinsa za su gada, shi ne kuma aka nemi a ƙona tare da akwatin.

In wannan rubutu ya fito zan kai mata in karanta mata a zaure. Zuwana na ƙarshe na tambaye ta ko tana jin kirana da sabon injin, tunda an ce yanzu har Gwale ake ji. Ta ce tana jin ƙara dai, namu da na sabon masallacin suna hawa kan juna, ba ta gane wane ne ya fara wane ne ya gama. Ta ce tun ranar da hannun Malam ya fita daga ciki, jikarta take sawa ta duba mata inuwar katanga don ta san lokacin salla.

Allah ya sanyaya kabarin Malam Bukar kamar yadda ya yi ta fama ya sanyaya abin da aka ba shi amana.